Muhawara kan Fire Emblem: The Sacred Stones: idan mayaƙi ya mutu, a ci gaba ko a sake babin?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan uwa mazauna wannan zaure. Na kammala Fire Emblem: The Sacred Stones a kan tsohuwar na'urar wasa ta hannu, Game Boy Advance SP, ta yayana, kuma ina son jin ra'ayin waɗanda suka riga ni bugawa. Ga wanda bai san shi ba, kamfanin Intelligent Systems ne ya yi shi, Nintendo ta fitar da shi a Japan a 2004, sannan a Amurka da Turai a 2005. Gem ne na yaƙi wanda dabara yake buƙata, saurin yatsa ba ya amfani a cikinsa. An yanka filin daga gida-gida, kai ka motsa mayaƙanka, abokan gaba su motsa nasu, haka bi da bi har a kashe bos, wato shugaban abokan gaba, ko a kama kujerar sarauta. Labarin kuwa na wasu tagwaye ne 'ya'yan sarkin Renais, wato Eirika da Ephraim, waɗanda daular Grado ta auka wa ƙasarsu bagatatan, alhali an daɗe ana zaman amana tsakanin ƙasashen biyu.

Abin da ya sa na buɗe wannan magana shi ne ƙa'idar mutuwa. A wannan gem, idan jinin mayaƙinka ya ƙare, ya tafi ke nan har ƙarshen labari, babu maganin da zai dawo da shi. Idan Eirika ko Ephraim ne ya faɗi, wasa ya tashi gaba ɗaya. Ni da aka kashe mini mayaƙina Gilliam, na danne zuciyata na wuce, kuma a ganina haka aka so a buga shi. Amma na lura yawancin mutane kashe na'ura suke yi su sake babin daga farko. Shin wanda yake yin haka ya buga gem ɗin da aka ƙera kuwa, ko wani daban ya buga?

Ɗan Gwammaja:
Wa alaikumus salam. Abokina, ni ina cikin masu sakewa, kuma ba na jin kunyar faɗa. Dalilina shi ne mayaƙan nan ba lambobi ba ne kawai, kowane yana da fuska da suna da tarihi. Idan ka ajiye mutum biyu kusa da juna a fagen fama na tsawon lokaci, sai hira ta buɗe a tsakaninsu, wadda take ƙara musu ƙarfi idan suna tare, take kuma bayyana halinsu. Neimi mai harbin baka, wadda abu kaɗan yake sa ta kuka, da Colm ɓarawon da suka tashi tare tun suna yara, hirarsu tana cikin abin da ya fi daɗi a wasan. Idan na bar ɗayansu ya mutu, na rufe wa kaina wani sashe na labarin da marubuta suka ɓata lokaci suka rubuta.

Ka tuna babi na 5, a garin Serafew. Joshua yana tsaye kusa da dandalin fafatawa a cikin abokan gaba, riƙe da takobin nan mai yawan mugun sara, kuma hanya ɗaya ce ta janyo shi ɓangarenka: Natasha, wadda sandar warkarwa kawai take riƙewa, ta je gabansa ta yi masa magana. Dole ka ƙirga gidajen da zai iya takawa, ka sa wani mai kauri ya tare shi ba tare da ya kashe shi ba, sannan ka matso da ita. Yana jefa kwabo sama, ya ce sa'a ta ba ta nasara, ya sauya sheƙa. Yanzu a ce bayan duk wannan wahala, a zagaye na gaba wani sojan mashi ya soke shi. Wallahi ba zan ci gaba ba, zan koma farko ne.

Malam Mai Lissafi:
Samari, sannunku da ƙoƙari. Kafin a yi hukunci kan sakewa ko rashin sakewa, yana da kyau a fahimci me yake kashe mayaƙi, domin yawancin abin da ake kira rashin sa'a a wannan gem rashin ƙirga ne. Komai a fili yake kafin ka kai hari. Takobi yana rinjayar gatari, gatari yana rinjayar mashi, mashi kuma yana rinjayar takobi, kuma mai rinjaye yana samun ƙarin 15 a damar samun abokin gaba da ƙarin 1 a ƙarfin sara, wanda aka rinjaya kuma a rage masa daidai haka. Wanda ya fi abokin karawarsa sauri da 4 yana sara sau biyu. Wanda ya tsaya a cikin daji yana samun ƙarin 20 wajen kauce wa hari. Makami mai nauyi yana rage saurin mai ƙaramin jiki, shi ya sa idan ka ba Vanessa, mai hawan doki mai fuka-fuki, mashin ƙarfe mai nauyi sai ka ga ta daina sara biyu, wani lokaci ma ita ake sara sau biyu. Ita da duk mai tashi sama, kibiya ninka musu rauni take yi, saboda haka wanda ya bar ta inda ɗan baka zai kai gare ta, kada ya zargi kowa.

Akwai kuma wani abu da ba a rubuta a allo ba, wanda masu binciken cikin wasan suka gano tuntuni. Lambar da kake gani ta damar samu ba ita ce ainihin damar ba, domin na'urar tana zaɓar lambobi biyu ne ta ɗauki matsakaicinsu. Sakamakon haka, idan allo ya nuna 80, gaskiyar tana wajen 92, idan kuma ya nuna 30, gaskiyar tana wajen 18. Wato wasan yana taimaka wa mai taka-tsantsan a ɓoye, tunda galibi mayaƙanka ne suke da lamba mai yawa, na abokan gaba kuma ƙarama. Mugun sara ne kawai, wanda yake ninka rauni sau uku, ake lissafa shi da lamba ɗaya, shi ya sa kashi 3 cikin ɗari na bos abin tsoro ne na gaske.

Duk wanda ya zauna wajen masu dara a bakin titi ya san cewa idan ka ɗaga ɗa ka ajiye, babu maganar a bari ka mayar, kuma wannan ne yake sa dattijo ya daɗe yana kallon ramuka kafin ya miƙa hannu. Idan ka san za ka iya sakewa, ba za ka daɗe kana kallo ba, kuma kallon nan shi ne wasan.

Auta:
Allah ya gafarta Malam, na gode da wannan bayani. Ni sabon shiga ne, ina babi na 3. Tambayata kan Seth ce, barden da ake ba ka tun farkon wasa. Duk wanda ya tunkaro shi faɗuwa yake yi, har na fara jin kamar ha'inci nake yi. Wani ya ce mini in daina amfani da shi domin yana cinye makin da yara ya kamata su samu. Yaya gaskiyar abin take?

Ɗan Fagge:
Ƙanina, shawarar da aka ba ka tana da tushe. Seth ya riga ya samu ƙarin girma tun kafin wasa ya fara, don haka idan ya kashe ƙaramin soja makin da yake samu kaɗan ne, alhali da Franz ko Ross ne ya kashe, da ya samu maki mai yawa. Maki 100 ne mataki guda. Ni ƙwace masa mashin azurfa na yi, na bar shi yana tare hanya kawai, yara suna ƙarasawa. Ba a fafe gora ranar tafiya, idan ba ka reni ƙananan tun yanzu ba, ranar da filin ya faɗaɗa aka zo maka ta fuska uku, Seth ɗaya ba zai rabu uku ba.

Injiniya Na Sharaɗa:
Ina da ja a nan, Ɗan Fagge. Wannan tsoro daga tsofaffin wasannin jerin Fire Emblem aka gado shi, tun na farko da ya fito a 1990, inda dattijon barden da ake ba ka a farko yake da ƙarfi na ɗan lokaci sannan ya zama kaya. Seth ba haka yake ba. Matashi ne, yana takawa gida 8, yana riƙe takobi da mashi, kuma yana ci gaba da ƙaruwa kamar kowa, har babin ƙarshe yana cikin waɗanda suka fi kowa amfani. Wanda ya ajiye shi don tausayin yara, shi ne yake jefa yaran cikin haɗari, sannan ya zo yana tambaya ko ya sake babi.

Ga misali kusa da inda Auta yake. A babi na 2, Ross yaro ne mai rauni da 'yan fashi suka yi wa ƙawanya shi da mahaifinsa Garcia a bayan duwatsu. Vanessa ce take tashi ta ɗauko shi, Moulder ya yi masa magani, amma wani ne zai riƙe gaba kafin a gama wannan hidima, kuma babu wanda ya fi Seth dacewa. Ka yi amfani da shi inda ake gaggawa, kamar ceton ƙauye kafin 'yan fashi su ƙone shi, ka bar wa yara ragowar. Batun maki kuma ba abin damuwa ba ne a wannan gem musamman, saboda bayan babi na 8 Hasumiyar Valni tana buɗewa, mai hawa takwas, kana iya shiga kana fita kana kashe dodanni har ka gaji.

Maman 'Yan Biyu:
Salamu alaikum. Auta, ka tsallake wannan rubutu nawa idan ba ka son a ɓata maka labari, domin zan taɓo ƙarshensa.

Na karanta abin da kowa ya faɗa, kuma na ga ana ta maganar lissafi, ba a duba abin da labarin kansa yake cewa game da mutuwa ba. Me ya jawo yaƙin tun asali? Lyon, yariman Grado, abokin tagwayen nan ne tun suna karatu tare, yaro mai sanyin hali wanda bai yarda da kansa ba. Mahaifinsa Sarki Vigarde ya rasu, shi kuma ya kasa karɓar wannan rashi, sai ya taɓa dutsen da aka kulle ruhin Sarkin Aljanu a cikinsa shekara 800 da suka wuce, domin ya tashi mahaifin nasa. Abin da ya tashi gawa ce mai motsi, kuma daga nan ƙasashe suka kama da wuta. Sannan ga Orson, barden Renais da ake ba ka a babin da Ephraim ya kai hari da mutum uku kacal. Ka yi yaƙi da shi, ka saba da shi, sai ya ci amanar ubangidansa, ba don kuɗi ko sarauta ba, sai don an yi masa alkawarin dawo masa da matarsa Monica da ta rasu. Lokacin da aka koma fadar Renais, an tarar ya kulle kansa a ɗaki da abin da yake kira matarsa, ƙasa tana lalacewa a waje bai ko leƙa ba. Ni wannan wuri ya fi duk dodannin wasan tayar mini da hankali, duk da ba a nuna komai a allo ba sai maganar waɗanda suka shiga ɗakin.

To ku duba. Duk wanda ya jawo bala'i a labarin nan, mutum ne da ya ƙi yarda cewa wanda ya mutu ya mutu. Sai kuma aka miƙa wa mai bugawa na'ura mai maɓallin kashewa a gefe, aka bar shi da zaɓi iri ɗaya. Ba na cewa masu ƙera wasan sun zauna sun shirya haka da gangan, amma tun da na lura da shi, hannuna yana nauyi idan na kai shi kan maɓallin. Na rasa Lute, mai yaƙi da sihiri, a saharar babi na 15, inda dawakai suke nutsewa a yashi ba su iya kai mata ɗauki ba, kuma na ƙarasa wasan ba tare da ita ba. A ƙarshe, inda ake jero abin da ya faru da kowa bayan yaƙi, sunanta ya fito da wurin da ta faɗi kawai.

Ɗan Gwammaja:
Hajiya, wannan karatu naki ya yi zurfi, kuma na yarda ban taɓa kallon Orson ta wannan fuska ba. Sai dai kada a mayar da abin nishaɗi ya zama zaman makoki. Lyon da Orson sun cutar da bayin Allah ne don biyan buƙatar zuciyarsu, ni kuwa idan na sake babi, lokacina kaɗai na kashe da cajin batir. Kuma sakewar ma ai hukunci ce. Babi ɗaya a tsakiyar wasan yana iya cin awa guda, ka kai bakin bos, a kashe maka mutum, ka koma ka sake jera kowa daga gida na farko, duk matakan da aka hau masu kyau sun zube. Wanda ya san wannan yana jiransa, shi ma yana daɗewa yana kallon allo kafin ya motsa, Malam.

Bayan haka, su kansu masu jerin sun sassauta. A Fire Emblem Awakening na na'urar 3DS, wanda ya fito a Japan a 2012, akwai zaɓin da mayaƙi yake dawowa bayan babi, kuma wasan ya samu karɓuwar da ta farfaɗo da jerin. A Echoes na 2017 sun kawo hanyar mayar da zagaye baya. Da ƙa'idar mutuwa ita ce ran wasan, da ba su taɓa ta ba.

Malam Mai Lissafi:
Ɗana, hujjarka ta farko ta fi ta biyu ƙarfi. Cewa sun sassauta daga baya yana nuna abin da kasuwa take so ne, bai nuna abin da wannan kaset na 2004 yake so ba. Shi wannan, duk motsin da ka yi yana ajiye shi nan take. Idan ka ga sara yana zuwa ka kashe na'ura, ka kunna ka zaɓi ci gaba, wannan saran dai zai sake sauka, da sakamako iri ɗaya. An toshe ƙaramar ƙofa da gangan, an bar babbar, wato sake babi gaba ɗaya, mai tsada kamar yadda ka faɗa. Sannan ka duba yawan mayaƙan da ake ba ka, sun haura 30, alhali filin daga ba ya ɗaukar ko rabinsu a mafi yawan babi. Ana ba ka Duessel ko Innes ko Saleh a tsakiyar tafiya, manya da ƙarfinsu, saboda an san wataƙila ka yi asara a baya. Wanda bai taɓa rasa kowa ba, rabin rundunarsa zaman benci take yi har a gama.

Amma na karɓi maganarka cewa mai sakewa ma yana biya. Wanda ban yarda da shi ba shi ne mai bugawa a waya da manhajar kwaikwayo, yana ajiye wasa kafin kowane sara, idan bai yi masa daɗi ba ya mayar. Wannan ya cire lissafi, ya cire haɗari, labari kawai yake karantawa.

Injiniya Na Sharaɗa:
Ni a ganina abin da ya fi raunana ƙa'idar mutuwa a wannan gem ba maɓallin kashewa ba ne, hasumiyar nan ce da na ambata. A wanda ya gabace shi, na Lyn da Eliwood da Hector, wanda shi ne na farko da ya fita wajen Japan a 2003, daga babi sai babi, abokan gaba ƙidayayyu ne, makamai suna karyewa, kuɗi yana ƙarewa. A nan kuwa an ba ka taswira kana yawo, dodanni suna fitowa a hanya, kana iya ɗaukar Amelia ko Ewan, waɗanda suke zuwa ba su iya komai ba, ka kai su hawa na farko ka yi ta maimaitawa har su zama abin tsoro. Idan ka mayar da Artur ko Moulder babban malamin haske, dodanni narkewa suke yi a gabansa. Daga nan babu mai mutuwa, balle a yi gardamar sakewa. Shi ya sa da yawa suke cewa wannan ne mafi sauƙi a cikin ukun da suka fito a Game Boy Advance.

Wanda yake son ya ji ɗanɗanon wasan na gaskiya, ya zaɓi mataki mai wuya tun farko, ya bi hanyar Ephraim inda labari ya rabu biyu daga babi na 9 zuwa na 14, kuma kada ya taka hasumiya. Babi na 11 na wannan hanya, a kan jirgin ruwa cikin hazo, inda dodanni masu fuka-fuki suke faɗowa daga inda ba ka gani su nufi masu warkarwa a baya, zai nuna wa mutum matsayinsa.

Auta:
Na tsallake rubutun Anti kamar yadda ta ce. Injiniya, a waya nake bugawa yanzu, amma ina son in sayi na'urar da kaset. Me zan kula da shi? Kuma Turancin wasan yana da nauyi, wani lokaci sai na duba ƙamus.

Injiniya Na Sharaɗa:
Ka nemi SP mai naɗewa, domin tana da fitila a allo da batir na caji, ta farkon ta 2001 kuwa batir biyu take ci kuma ba ka ganin komai sai a cikin haske. Na'urar DS Lite ma tana karɓar kaset ɗin ta ƙasa. Babbar matsala kaset na jabu ne, wanda yake da yawa a hannun masu gwanjo. Na taɓa sayen ɗaya a wani shago, yana aiki lafiya, sai wata rana na kunna na tarar duk ajiyar ta goge. Kafin ka biya, ka fara wasa a gaban mai shagon, ka ajiye, ka kashe, ka zare kaset ɗin na ɗan lokaci, ka mayar ka gani ko tana nan. Ka duba rubutun Nintendo a kan allon cikin kaset ta wajen haƙoran, da lambar da aka danna a jikin takardar gaba. Turanci kuwa, na fada ne da sarauta, za ka saba, kuma maɓallin R yana bayyana maka ma'anar duk abin da ka nuna a allo.

Maman 'Yan Biyu:
Auta, idan ka kai mararraba, ka fara da hanyar Eirika. Ta fi sauƙi, kuma ta nan ne za ka san Joshua ko wane ne a Jehanna. Lyon ma fuskar da yake nuna wa Eirika daban take da wadda yake nuna wa Ephraim, sai ka bi duka biyun za ka haɗa hotonsa.

Ɗan Fagge:
Na gode muku duka. Hanyar Eirika na bi a karon farko, yanzu zan ɗauki sharaɗin Injiniya: mataki mai wuya, hanyar Ephraim, babu hasumiya, kuma babu sakewa sai idan ɗaya daga cikin tagwayen ne ya faɗi. Ɗan Gwammaja, ko za ka shiga mu gwada tare, kowa ya riƙa kawo sunayen waɗanda suka rage masa bayan kowane babi?

Ɗan Gwammaja:
Zan shiga, amma da sharaɗi ɗaya: idan Neimi ce ta faɗi, zan sake, kuma zan faɗa a zaure ba zan ɓoye ba.

Malam Mai Lissafi:
An karɓa. Kafin ku hau jirgin nan, ku sayi masu da gatura na jifa da yawa, domin su ne suke rama hari na kusa da na nesa. Ku tafi da Colm, shi ne yake hango nesa a cikin hazo, ku sa masu warkarwa a tsakiya a kewaye su ta kowace fuska. L'Arachel da Dozla za su bayyana ana tsakiyar faɗa, kuma ba sa jiran kowa, kutsawa suke yi cikin dodanni. Ephraim ne yake yi mata magana, ita kuma ta yi wa Dozla, saboda haka kada ku tura shi can ƙarshen jirgi inda ba zai iso gare ta da wuri ba.